"Bayotik" da "abayotik": me za mu kira su da Hausa?

Jama'a, ina fassara darasi kan kyarkecin ƙasashen sanyi, sai kalmomi biyu suka tsaya min a wuya: bayotik da abayotik. Ta farko tana nufin abin da ke shafar dabba ta hanyar wasu masu rai, ta biyu kuma irin su sanyi, iska da zurfin dusar ƙanƙara. Na rubuta "masu rai" da "marasa rai", amma raina bai kwanta ba. A tsakiyar hunturu kyarkeci kan ci mushen dabbar da sanyi ya kashe. Mushe ba shi da rai, amma masana a rukunin farko suke sa shi.

— Malam, me zai hana "halittu" da "sandararru"?

— Ai dutse ma halitta ne, 'yar'uwa. Iska kuwa yaushe ta sandare?

— To "daskararru" fa?

— A ƙasar da tafki guda ke daskarewa? Mai karatu zai ɗauka ƙanƙara kaɗai ake nufi.

— Ni dai a ce "dangin rai". Mushe, kashi, ƙwayar cuta, duk rai ne tushensu. Ku gwada ta a kan tsibirin Ayil Royal da ke Tafkin Sufiriya a Amurka, inda ake bibiyar kyarketai da mus, wata ƙatuwar barewa, tun 1958. A ƙarshen shekarun 1940 kyarketai suka tako kan daskararren tafkin suka shiga tsibirin: aikin marasa rai ke nan. Daga 1980 zuwa 1982 yawansu ya faɗo daga 50 zuwa 14, lokacin da cutar farbo ta karnuka ta shige su: dangin rai. Ga kuma inda biyun suka cuɗe. Tafkin ya rage daskarewa, sababbin kyarketai daga waje sun rage shigowa, barbara ta koma tsakanin 'yan gida ɗaya, har a 2016 saura biyu kacal.

— Madalla, Malam. Dusar ma haka take. In ta yi zurfi samanta ya yi ɓawo, mus sai ya riƙa lumewa saboda nauyi, shi kuwa kyarkeci faffaɗan tafinsa ya ɗauke shi a kai. Marar rai ce ta raba wa dangin rai gardama.

Na karɓa. "Dangin rai" da "marasa rai" zan sa a darasin. Saura shi kansa kyarkecin, don wani ya tuna min cewa asalin sunan na karen dajin Afirka ne mai dabbare-dabbare. Wa ke da shawara?