Jama'a me za mu kira cutar ƙodar nan glomerulonephritis da Hausa?

Toh ni dai wannan kalma ta ishe ni, kullum sai na tsaya inda-inda gaban marasa lafiya. Jiya wata baiwar Allah ta kawo yaronta ɗan shekara 7, fuska ta kumbura musamman da safe, fitsarinsa kamar shayi ba madara, ina cewa "Hajiya matsalar ƙoda ce" sai ta fashe da kuka, ita tunaninta har an kai ga wankin ƙoda. Alhali irin nasa yawancin yara warkewa suke.

Abin da ke faruwa shi ne kowace ƙoda tana da ƴan matatai kusan miliyan 1. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata, garkuwar jiki ta tashi ta yaƙi ƙwayar cutar, sai bayan sati 1 zuwa 3 (na fata ya kan kai sati 6) tarkacen yaƙin ya maƙale a matatan nan, garkuwar ta bi shi can ta yi ta ɓarin wuta, matatar ta lalace jini da furotin su dinga zurarewa cikin fitsari, ruwa ya taru a jiki, jini ya hau. Kamar ƙyallen tatar koko ne in ya yage, dusa ma wucewa take.

Wani abokin aiki ya ce mu ce "sanyin ƙoda". Wlh ban yarda ba, da ka ce sanyi kemis za a nufa a sayi kafso, kuma ƙwayar cutar ma ba a ƙodar take ba. "Kumburin ƙoda" kuma ya yi faɗi, har wanda cutar mafitsara ta haura sama zai shiga ciki.

Wata ta kawo "tawayen garkuwa", ya min daɗi sosai amma ya fi dacewa da cutar da ake kira lupus, don can ne garkuwa ke juyowa kan jikin mai ita. Na yaron nan ba tawaye ba ne, tsautsayin yaƙi ne ya rutsa da ƙoda.

Ni na tsaya a kan "kumburin matatar ƙoda", sai a ƙara dalili: na bayan ciwon maƙogwaro, ko na tawayen garkuwa. Na gwada wa Hajiyar da misalin koko, nan take ta ce "au, ƙyallen ne ya yage?" ta share hawaye. Ƴan uwa na Maraɗi da Damagaram, dan Allah ku ya kuke cewa a asibitocinku?