Wace kalma za mu ba "concord" da Hausa?

Malaman nahawu, ku taya ni. Jiya da daddare ina yi wa 'yar yayata bitar Turanci saboda WAEC ta ƙarato, muka iso babin da malamansu ke kira "concord", wato "subject-verb agreement". Na buɗe baki zan faɗa mata da Hausa, kalma ta ƙi zuwa.

Aikau ("subject") da aikatau ("verb") dai muna da su. Matsalar tana ga "agreement". Na ga masu rubuta yarjejeniya, ni kam ba ta kwanta mini ba. Yarjejeniya sai an zauna an ja, kowa ya sa hannu. A nan kuwa aikau ne ke faɗa, aikatau ya bi. Muɗabaƙa ta yi daidai ga wanda ya yi nahawun Larabci a zaure, amma ta yi wa 'yar sakandare nauyi. Dacewa kuma ta yi faɗi, har hula da riga ma dacewa suke yi.

Ni jituwa na zaɓa: jituwar aikau da aikatau. Tushenta "ji" ne, kuma abin na kunne ne. Ce wa Bahaushe "Binta ya tafi" ka ga yadda zai yamutsa fuska, ko bai taɓa shiga aji ba.

Da na ce wa 'yar yayata haka, sai muka gano inda take tuntuɓe. A littafinta ta rubuta "The boys goes", a zatonta "s" alamar jam'i ce ko'ina. To a suna haka ne, amma a aikatau na lokacin yanzu tilo take nunawa: "he goes", "they go". Mu namu aikatau ba ya motsi. Audu ya tafi, Binta ta tafi, yara sun tafi: "tafi" na nan yadda yake, zagin aikatau da ke gabansa, wato "ya", "ta" ko "sun", shi ne ke ɗaukar jinsi da adadi. Aikatau na Turanci kuwa babu ruwansa da jinsi.

Har "everyone is" da ke kayar da ɗalibai ta zo mata da sauƙi, don mu ma "kowa ya zo" muke cewa, ba "kowa sun zo" ba.

Na sa ta rubuta jituwa a saman shafin. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fama da "accord" na Faransanci, me kuke ce masa a aji?