Neman kalma: me za mu kira "discography" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina shirya wani ɗan shiri na rediyo a kan kiɗan jaz, sai wannan kalma ta tsaya min a maƙogwaro tun jiya da daddare. Masu fassara da malaman harshe, a taimaka.

Bari in fara nuna muku abin, don kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba. Littafi ne, amma babu labari a cikinsa. In ka buɗe wajen Louis Armstrong, shahararren mai busa a jaz, ka gangara zuwa 28 ga Yuni 1928, za ka ga an rubuta Chicago, kamfanin OKeh, sai sunayen duk waɗanda suka shiga ɗakin ɗauka a ranar, kowa da abin da ya kaɗa ko ya busa: Earl Hines a fiyano, Zutty Singleton a ganguna, da sauransu. Ƙarƙashinsu kiɗan da aka ɗauka, har da West End Blues, kowanne da lambar da kamfani ya ba shi. Shi ke nan. Sai rana ta gaba. Haka za ka yi ta tafiya ɗaruruwan shafuka.

Wani Bafaranshe, Charles Delaunay, ya fitar da Hot Discography a Faris a 1936. Brian Rust na Ingila ya bi da nasa a 1961, wanda daga baya ya tattara abin da aka ɗauka daga 1897 zuwa 1942, Jepsen na Denmark ya ɗora daga 1942. Tom Lord ya fara fitar da nasa a 1992, yanzu yana intanet. Abin mamaki, kiɗan baƙaƙen Amurka ne, amma mutanen Turai ne suka fi zama ƙirga shi.

To, me za mu ce masa?

Na ga amsoshi, na gode. Wanda ya fi yawa shi ne "jerin waƙoƙi". Ƙanena da ka fara kawo shi, ban ƙi ta taka ba, amma yana da matsala biyu. Ta farko, yawancin jaz babu waƙa a ciki, kiɗa ne zalla. Ta biyu ta fi girma. Littafin ba waƙa yake bi ba, zaman da aka yi don ɗaukar kiɗa yake bi. Ɗauki Kind of Blue na Miles Davis: faifai ɗaya ne a hannunka, amma a littafin gida biyu ne, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959, a New York. A nan za ka gane cewa Bill Evans ne a fiyano, ban da kiɗa ɗaya da Wynton Kelly ya karɓa. "Jeri" ba ya ɗaukar wannan kaya. Jeri ai shi ne abin da ake bugawa a bayan kwali.

Hajiya ta ce a bar shi "diskografi" kamar yadda muka bar rediyo da kwamfuta. Ranki ya daɗe, rediyo kowa ya gan ta kafin ya ji sunanta. Wannan kuwa mai sauraro zai ji "disko" ya tafi wajen rawa.

"Tarihin faifai" na ajiye shi gefe, don zai sa a zaci labarin yadda aka ƙirƙiro garmaho ne.

Allah ya gafarta Malam, "fihirisar faifai" da ka kawo ta fi kowacce burge ni, kuma na daɗe ina juya ta. Tana da asali, duk wanda ya yi karatun zaure ya san fihirisa, kuma aikin ya yi kama da na masu bin salsala: wa ya zauna da wa, yaushe, a ina. Masu wannan aiki har bankaɗo suna suke yi. Faifan da aka ɗauka a Massey Hall na Toronto a 15 ga Mayu 1953 ya fito da sunan wani "Charlie Chan" a saksafon, alhali Charlie Parker ne, yarjejeniyarsa da wani kamfani ta hana a sa sunansa. Littafin ne zai gaya maka haka. Sai dai, Malam, fihirisa a kunnen yawancinmu 'yan shafukan nan ne da ke nuna maka inda babi yake. Tana nuni zuwa wani abu. Wannan kuwa shi kansa ne abin, na Tom Lord ya haura mujalladi 30 kafin ya koma intanet.

Don haka na karkata ga "kundin faifai". Kundi yana da nauyi, yana da tara abu a adana, kuma ba sai an yi wa kowa bayaninsa ba.

Yayana ya yi gardama cewa akwai abin da aka ɗauka ba a taɓa buga shi a faifai ba, kuma littafin yana kawo shi. Gaskiya ne, Yaya. Amma faifai ya daɗe da barin da'irarsa. Daga marufin ƙwarya ya koma faifan garmaho, yau kuma ana turo maka "faifan bidiyo" a waya, babu wani abu mai zagaye a ciki. Zai iya ɗaukar wannan ma.

Kalmar za ta yi mana amfani a gida. Shata ya rasu a 1999, har yau ana musu a kan yawan waƙoƙinsa, balle ranar da aka ɗauki kowacce da waɗanda suka yi kalangu.

A shirin gobe zan ce "kundin faifai", kowace rana a ciki kuma "zaman ɗauka". Saura guda: idan an maimaita kiɗa ɗaya sau uku a zama ɗaya, kundin yana ba kowanne lamba. "Ɗauka ta biyu" zan ce, ko "karo na biyu"? Malam, kai nake jira.