CTA-102: da gaske an taɓa ɗauka saƙon wasu halittu ne daga sama?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Me ya sa masana na gaske suka ɗauka CTA-102 saƙo ne daga halittun wata duniya? Kuma ina ruwan mawaƙan Amurka da shi? Daga nan Maraɗi ana iya ganinsa?

Malam Fizik: Wa alaikumus salam. Ba wauta suka yi ba, ɗan'uwa. A 1960 masanan jami'ar Caltech ta Amurka suka sa shi cikin jerin wuraren sama da ke fitar da igiyar rediyo, shi ne na 102 a jerin, sunan ke nan. A 1964 Nikolai Kardashev na Tarayyar Sobiyet ya buga lissafin cewa halittun da suka ci gaba ƙwarai za su iya aiko saƙo daga nesa, ya ambaci CTA-102 saboda ƙanƙantarsa a sama da kuma yadda ƙarfinsa ya taru wajen megahaz 900. Sai Gennady Sholomitsky ya auna shi da eriyar Kirimiya, ya ga ƙarfin yana hawa yana sauka kamar kowane kwana 100. Ran 12 ga Afrilu 1965 kamfanin labaran Sobiyet na TASS ya baza zancen, duniya ta ɗauka.

A shekarar dai Maarten Schmidt ya tsaga haskensa, ya samu ya karkata zuwa ja da 1.037, alamar yana da nisa ƙwarai. Kwasar ne ke nan: cibiyar wani gungun taurari mai ƙaton baƙin rami, haskensa ya yi shekara wajen miliyar 8 a hanya.

Hajiya Falaki: Malam, a ƙara da wannan, don ana zaluntar Sholomitsky. Awonsa daidai ne, fassarar ce ta kuskure. Masanan Amurka sun duba ba su ga canjin ba, aka yi ta zarginsa, sai a 1972 Hunstead a Ostireliya ya tabbatar da shi a megahaz 408. Abin da ya rikita mutane: abu ba ya canza haske da sauri fiye da lokacin da haske ke ɗauka ya ratsa shi. Canji a kwana 100 na nufin faɗinsa bai wuce tafiyar haske ta kwana 100 ba, kuma ta yaya ƙaramin abu haka zai yi wannan ƙarfi daga nisan nan? Amsa biyu ce. Yana feso wuta kusan saitinmu da gudu dab da na haske, wanda ke ƙara masa ƙarfi a idonmu. Sannan iskar da ke tsakanin taurarin gungunmu tana sa igiyar rediyo ƙyaftawa, kamar fitila daga nesa a zafin Afrilu.

Mai Garaya: Batun waƙa, ƙungiyar The Byrds ta Los Angeles ce. Waƙar "C.T.A.-102" tana faifansu Younger Than Yesterday na Fabrairu 1967, Jim McGuinn da Robert Hippard suka rubuta. Ku saurari ƙarshenta: ƙarar na'urar lantarki da muryoyin da aka ƙara wa gudun kaset don su yi kama da baƙin sama. Lokacin an riga an san kwasar ne, amma begen samun maƙwabta a sama suka rera.

Malam Fizik: Ganinsa kuwa, wurinmu ya dace: yana digiri 11.7 arewa, Maraɗi na wajen 13.5, don haka kusan tsakar ka yake bi. Nemi tauraron Homam a rukunin Pegasus, yana wajen digiri 2 da rabi daga nan ta yamma, ɗan arewa kaɗan. Oktoba ta fi, ƙarfe 9 zuwa 10 na dare, damina ta ja baya, hazo bai sauko ba. Fita bayan gari, daren da babu farin wata. Sai dai a ma'aunin haske, inda babbar lamba ke nufin dushewa, yakan zauna wajen 17, madubin hangen nesa na santimita 20 kuma da ido bai wuce 14 ba, dole sai da kyamara mai tara haske na mintoci. A ƙarshen Disamba 2016 ya tashi har wajen 11, ƙaramin madubi ma ya kama shi. Duba awon AAVSO, ƙungiyar masu lura da taurari masu canza haske, kafin ka ɗauki kaya.