Hajiyarmu tana ganin mutanen da babu su, amma hankalinta garau yake

Abban Husna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan mahaifiyata. Shekarunta 76. Hawan jinin ido ya cinye mata idon hagu gaba ɗaya, na daman ma dishi-dishi take gani da shi. Tun bayan ƙaramar sallah ta fara gane-gane, yawanci bayan magariba tana zaune a kan sallaya tana jan carbi. Sai ta ce ga wasu 'yan mutane ƙanana, tsawonsu bai wuce kamu ɗaya ba, da jajayen riguna da dara a ka, sun jeru a bakin gadonta. Wata rana kuma bangon ɗakin ne zai cika da zane irin na atamfa. Ba sa magana, ba sa taɓa ta.

Abin da ya ɗaure min kai, ita da bakinta take cewa ta san babu kowa a wurin. Lissafin adashinta ba ta kuskure, jikokinta kaf ta san sunansu da na iyayensu. Ƙanwata ta ce gamo ne, a kira mai rukiyya. Yayanmu ya ce gigin tsufa ne. Ashe ma Hajiya ta daɗe tana ɓoyewa, jikarta mai kwana da ita kaɗai ta faɗa wa, don kada a ce ta taɓu. Wallahi wannan ɓoyewar ta fi min komai ciwo. Ina za mu dosa?

Ummu Fadila:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. A riƙa yi mata Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi safe da yamma, wannan ba ya ɓaci. Amma don Allah kada ku bari wani ya zo da bulala ko hayaƙi a kan tsohuwa. Ku haɗa da asibiti.

Nas ɗin Ido:

Abban Husna, sannu da ƙoƙari. A ɓangaren ido nake aiki, kuma abin da ka zayyana ya yi kama ƙwarai da larurar da likitoci ke kira da sunan Charles Bonnet. Shi masani ne ɗan Janiba ta ƙasar Suwizalan. A 1760 ya rubuta labarin kakansa, Charles Lullin, dattijon da yanar ido ta kusan makantar. Tsohon yana ganin maza da mata da tsuntsaye da keken doki da gine-gine suna bayyana suna ɓacewa, alhali ya san sarai babu su, kuma hankalinsa bai taɓu ba.

Ga yadda abin yake. Ido hoto kawai yake ɗauka ya aika, ainihin gani a ƙwaƙwalwa ake yinsa, can ta wajen ƙeya. In saƙon da ido ke aikawa ya ragu sosai, wannan sashe ba ya kwanciya ya huta, sai ya fara motsawa da kansa yana fito da hotuna. Kamar mutumin da aka yanke wa ƙafa ne amma yana jin ƙaiƙayi a ɗan yatsan da babu shi. A 1998 wani likita a Landan, Dominic ffytche, da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan larura daidai lokacin da suke gane-ganen. Suka tarar in mutum launi yake gani, wurin da ke gane launi ne ke aiki, in fuska ce, wurin gane fuska ne. Ke nan Hajiya ba ƙirƙira take yi ba, ganin take da gaske, abin ne dai babu shi a ɗakin.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A wani bincike na ƙasar Holan da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 1996, cikin masu raunin gani 505 an samu 60 da ke da ita. Ƙananan mutane masu ado da huluna, da zane-zane a bango, suna cikin abin da aka fi ba da labari. Ni da na karanta darar nan sai da na gyaɗa kai. Yawancinsu shiru suke yi, saboda tsoron da Hajiya ta ji. Shi ya sa nake ganin wajibi ne mu ma'aikata mu riƙa fara tambayar tsofaffi, ba mu jira su faɗa ba.

Amma ba a yanke hukunci daga nesa, sai likita ya duba ta.

Ɗan Kurmi:

Malam, ni gargaɗi zan ƙara. Babanmu ma ya taɓa gane-gane, amma nasa rana ɗaya ya zo. Da safe lafiya lau, da dare yana kakkaɓe ƙwari daga zanin gado, bai san inda yake ba, yana kiran ƙanwata da sunan marigayiyar yayarsa. Da muka kai shi aka auna, ashe cutar mafitsara ce ta hau masa kai. Aka ba shi magani, cikin 'yan kwanaki ya dawo hayyacinsa. Likitan ya ce a wajen tsofaffi zazzaɓi, ko saukar suga, ko rashin ruwa a jiki, ko sabon magani, duk suna iya rikita mutum haka, kuma irin wannan ba a kwana da shi a gida. In kun ga ruɗewa ko yawan barci ya haɗu da gane-ganen, ku ɗauke ta a daren.

Abban Husna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Babu zazzaɓi, babu ruɗewa, kuma ba ta jin muryoyi. Malama Nas, na karanta wa Hajiya bayaninki. Ta yi shiru, can ta ce: "Ashe ba ni kaɗai ba ce." Ta ce in tambaye ki, akwai magani?

Nas ɗin Ido:

A gaishe min da Hajiya. Babu wata ƙwaya da aka tabbatar tana kawar da shi ga kowa, amma ga mutane da yawa yana raguwa da kansa a hankali, ko da yake wasu yakan ɗauke su shekaru. Sanin cewa ba hauka ba ne yana rage tsoron sosai.

Tunda da magariba ya fi zuwa, ku ƙara mata haske a ɗaki, a kunna fitila mai ƙarfi tun kafin duhu ya shigo, kuma kada a bar ta zaune ita kaɗai shiru. In abin ya bayyana, ta ƙifta ido da sauri, ko ta riƙa kai idonta dama da hagu ba tare da juya kai ba na kamar daƙiƙa 15 zuwa 30, ko ta tashi ta canza wuri. Wasu yana yi musu aiki.

Ku koma wajen likitan idonta, ko ku je Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ganin da hawan jinin ido ya ɗauke ba ya dawowa, don haka kada ta yi fashin maganin ɗigawa, a tsare abin da ya rage a idon dama. In akwai yanar ido a kai aka cire ta, ganin zai iya ƙaruwa, gane-ganen ma su ragu. Ku tafi da duk magungunan da take sha a leda ɗaya. Ku kuma faɗa wa likita in kun lura da mantuwa, ko rawar hannu, ko tafiyarta ta yi nauyi, domin cutar Parkinson, mai sa rawar jiki, da wani nau'in gigin tsufa su ma suna kawo gane-gane, kuma kulawarsu daban ce.