Neman kalmar Hausa: tsiron da ke fita a jikin doki da kare

Ɗalibi: Assalamu alaikum, malamaina. Ina rubuta 'yar takardar faɗakarwa ga masu dawaki da maharba masu karnuka, kalma ɗaya ta Turanci ta tsayar da ni, wato tumour, tsiron da ke fita a jiki. Na fara sa "kumburi", tunda asalinta a Latinanci kumburi take nufi, amma raina bai kwanta ba. Wani ya ce in sa "ciwon daji" in huta. Me kuka gani?

Mai barga: Ɗana, cire kumburin nan. A barga in ka ce kumburi, abin da za a ji shi ne ƙurji ya tara mugunya, sai a gasa ƙarfe a yi sakiya. Na ga dokin da aka yi wa haka a kusa da ido, ba mugunya ko ɗigo, abin kuma ya dawo ya ninka. Mu dai ƙari muke cewa.

Likita: Baba ya faɗi gaskiya, kuma ina jin abin da ya gani shi ne sarkoyid. A fatar doki babu tsiron da ya kai shi yawa, yana kama jaki da alfadari ma. Yana da alaƙa da ƙwayar cutar da ke sa wa shanu tsiro a fata. Ya fi son kai, gefen ido, ƙarƙashin ciki inda majayi ke bi, da tsakanin cinyoyi. Ba ya shiga huhu ko hanta, amma yana cin naman wurin, in an yanke shi ba a kwashe duka ba ya dawo da ƙarfi. To ka ga "daji" ma bai dace da shi ba. In ka ce daji, mai doki ya yanke ƙauna ya sayar da dabbar da za ta iya shekaru tana hawan sallah.

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, ashe ƙari ke nan. To yaya za mu raba wanda ke yaɗuwa da wanda ba ya yaɗuwa?

Likita: Ni a wurin aiki halinsa nake faɗa wa mai dabba. Ƙullutun kitse da ke fita ƙarƙashin fatar tsohon kare mai ƙiba, mai laushi, yana motsi in ka taɓa, wannan ƙari mazauni ne. Wanda ke bin jini ko kaluluwa ya tafi wani sashe, shi ne mugun ƙari, shi kaɗai nake kira daji ko sankara. Sarkoyid na tsakani, sai in ce ƙari mai naci. Ka kuma rubuta cewa ido ba ya rabewa, sai an ɗebi ɗan nama an duba a madubin likita. Akwai wani ƙari na fatar kare da ke kama da cizon ƙwaro, yau ya tashi gobe ya saɓe, alhali mugu ne.

Mai barga: Likita, baƙaƙen ƙulluttan da ke fita wa kili a ƙarƙashin wutsiya fa? Tun ina yaro nake ganinsu a tsofaffin fararen dawaki.

Likita: Melanoma ke nan, Baba. Dokin da aka haifa da duhun gashi ya yi ta haske har ya zama fari, in ya wuce shekara 15, kusan 8 cikin 10 na irinsa suna da shi. Yakan daɗe bai yi komai ba, amma yana iya toshe dubura ko ya shige ciki. Baƙin ƙari ya ishe shi suna.

Malamar Hausa: Na yarda da ƙari, amma ƙanena ka kula da wajen haɗa shi da wata kalma. Ka rubuta "ƙarin nono" a kan karya, mai karatu zai ɗauka ruwan nononta ne ya ƙaru. Haka "ƙarin jini" ya riga ya zama sunan wani abu dabam a asibiti. Ka bar kalmar ta tsaya da kanta: ƙari a nono, ƙari a ƙashi, ƙari a saifa. Jam'i kuma kada ka ƙirƙira, "ƙari iri-iri" ya wadatar.

Likita: Malama ta taɓo wurin da ya fi damuna. Ƙari a nonon karya kusan rabinsa mugu ne, kuma cire mata ƙwai da mahaifa tun kafin ta fara neman namiji yana rage haɗarin ƙwarai. Sannan akwai wanda muke yawan gani a karnukan da ke yawo a gari: tsiro ja mai zubar jini a al'aura. Wannan ƙwayoyin tsiron ne da kansu ke tashi daga jikin wani kare su koma wani wajen barbara. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, shi ya nuna ana iya dasa shi daga kare zuwa kare a 1876. Allurar binkiristin, sau ɗaya a mako na 'yan makonni, tana warkar da mafi yawansu. Maharbi ya ji an ce daji, sai ya saki karyarsa ta ci gaba da raba wa sauran.

Malamar Hausa: To nan ma ban da "ƙarin barbara". Ƙari mai bin barbara.

Ɗalibi: Na gode, iyayena. Na gyara takardar: ƙari, ƙari mazauni, mugun ƙari, ƙari mai naci, baƙin ƙari, ƙari mai bin barbara. Baba, in ka ba ni izini zan kawo maka ita barga ranar Asabar, a karanta wa yaran da ke wanke dawaki, mu ji inda za su tsaya su yi tambaya.

Mai barga: Ka zo da hantsi, kafin a fita da su kilisa.