Me za mu kira "stock de sécurité" da Hausa?

Mai tambaya, Garwa: Salamu alaikum. Ina fassara wata takardar Faransanci a kan ɗakin karɓar kiran gaggawa, inda a nan Kamaru kiran 118 na 'yan kwana-kwana ko 117 na 'yan sanda yake shiga. Na cije a kan "stock de sécurité", wato batir, oba-oba, man gurup (janareta) da sauran kayan da ake ajiyewa saboda ranar da kaya suka yanke. Na rubuta "kayan ko-ta-kwana", amma bai kwanta mini ba.

Tsohon ɗan kwana-kwana, Marwa: Ƙanena, mutum ne yake zaman ko-ta-kwana, da takalminsa a ƙafa. Wannan kuwa ajiya ce da ba a taɓawa sai an ƙure. Kakanninmu suna da sunanta: rumbun tsimi.

Direba, Kusiri: Gaskiyar Baba ce. Ku dubi tafiyar kayan ma: a sauke a Duwala, jirgin ƙasa ya kai Gaundare, mu ɗauka mu bi Garwa, Marwa, Mora, Dabanga. Da damina wannan hanyar sai addu'a. A 2024 ambaliya ta karya gada a Yagwa. Wanda bai yi tsimi ba, wa zai kira?

Malama, Njamena: Yaya, ina da ja. Hatsi yana shekara a rumbu lafiya lau, batir kuwa yana zuƙewa ko ba a taɓa shi ba, balle a zafin Afrilu da yake haura digiri 40. Wannan ajiyar juya ta ake yi: a yi aiki da tsoho, a mayar da sabo. Kuma in ka ce "tsimi" kaɗai, mata dariya za su yi, wani tsimin suka sani.

Tsohon ɗan kwana-kwana: 'Yata, ai manomi ma da sabo ya shigo yake fitar da tsoho. Abin lura shi ne awo: abin da ɗakin yake ci kullum, sau kwanakin da kaya suke yi a hanya, a ɗora rara, wadda ita ce tsimin. Da an taɓo rarar, oda ta riga ta makara.

Mai tambaya: To na ɗauki "rumbun tsimi", a haɗe, Malama. "Rupture de stock" kuma na sa "yankewar kaya". Saura "seuil d'alerte", adadin da in kaya suka sauko gare shi ake sake oda. Wa yake da ita?